Yadda Ake Kula da Bututun Sabuwar Bindigar Farauta a Ƙasar Rairayi

A Amurka, wasu masu harbin gasa sukan shafa wa harsashi garin da ke cin ƙarfe, su harba shi cikin sabuwar bindiga don ya share kaushin da injin masana'anta ya bari a bututu. Sukan fara da gari mai kaushi, su koma mai laushi. Har kamfanoni irin su NECO na sayar da kayan a haɗe. Amfaninsa na gaske ne ga bututun da ya fito da kaushi sosai. Amma kowane harbi yana ɗebe ƙarfe, musamman inda harsashi ke fara shiga, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Mai bindiga a Assamakka ko Arlit ba ya buƙatar wannan. Iskar da ke tasowa daga wajen In Guezzam tana ɗauke da rairayin da ke yin aikin nan kyauta, ba awo ba tsari. Aikinka hana shi shiga. Ina magana ne da mai takardar izini daga hukuma, domin dokar farauta ta Nijar ta 1998 ba ta bar kowa ya yi yadda ya ga dama ba, kuma gandun Aïr da Ténéré ba wurin harbi ba ne.

Da farko, cire harsashi, ka leƙa da idonka, ka sake leƙawa.

Sai ka wanke giris ɗin masana'anta. An sa shi don hana tsatsa a hanya, amma a nan tarkon ƙura ne. Ɗaura ƙyallen auduga mai tsabta a sandar gogewa, ka jiƙa shi da ruwan wanke bindiga, ka tura daga baya zuwa baki. Kada ka fara ta baki. In gefen bakin ya ci, saiti ya lalace. Ƙyallen da ya fito kada ya koma, domin ya kwaso rairayi. Yi ta sauyawa har ya fito fari. Ita kanta sandar a goge ta kafin kowace turawa, kuma kada a ajiye ta a ƙasa. Wannan aiki na cikin ɗaki ne, ƙofa a rufe, ba gindin inuwa da rana tsaka ba.

Na uku, harbin gwaji a wurin da aka yarda, da tudu a bayan abin saiti. Harba ɗaya, ka goge. Yi haka 'yan lokuta, sannan ka koma gogewa bayan uku ko biyar. Tagullar jikin harsashi kan manne a sabon ƙarfe, kuma ruwan wanki mai narkar da ita yakan bar shuɗi a ƙyalle. In shuɗin ya ragu, bututu ya zauna. Bar shi ya huce tsakanin harbi.

Man bindiga kuwa, a ganina nan mutanenmu suka fi kuskure. Ɗan kaɗan ya isa, sannan ka bi da busasshen ƙyalle. Mai da rairayi in sun haɗu sun zama garin nan da ke cin ƙarfe.

In za ka yi tafiya, sa bindiga cikin kube, ka rufe bakin da ƙyalle daga waje. Kada ka cusa komai ciki, don toshewa na iya fasa bututu a hannunka. In ta faɗi a rairayi, ba harbi sai an goge.