Shawarwari Ga Gidan Da Aikin Ofis Ya Shigo Cikinsa

Tun kullen korona na 2020 ma'aikata da yawa suka gano cewa aikin da suke yi wa sammako, rabinsa ana iya gama shi daga ɗaki. A Disambar 2021 gwamnatin Kaduna ta mayar da ranakun aikin ma'aikatanta huɗu a mako. Da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sai jihar Edo ta ce ma'aikata su riƙa zuwa ofis kwana uku, sauran kwanakin su yi aiki daga gida. Wannan sauƙi ne babba. Sai dai wayar da ta raba ka da cunkoson hanya ita ce take kawo maka oga har bakin gado. Idan mutanen gida ba su yi wa aikin iyaka ba, shi zai cinye gidan.

1. Ku yanke lokacin tashi, kowa ya san shi. A ofis akwai mai gadi da ke rufe ƙofa, a gida babu. Lokutan salla sun fi agogo kama jiki: aiki mai nauyi daga hantsi zuwa Azahar, amsa saƙonni zuwa La'asar, da an kira Magariba a rufe kwamfuta. Faɗa wa iyali, faɗa wa abokan aiki. Yaro ya fi haƙuri idan ya san lokacin da Baba zai fito.

2. Raba layin aiki da na zumunci. Yawancin wayoyinmu masu cin layi biyu ne, saboda haka ba sai an sayi sabuwa ba. Sanya WhatsApp Business a layin aiki. A cikinsa ana iya rubuta sa'o'in buɗewa da rufewa, a kuma saita amsar da za ta tafi da kanta ga wanda ya yi magana bayan an tashi. Uwargidan da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ta waya ta fi kowa buƙatar wannan, don masu tambayar "nawa ne?" ba su san dare ba.

3. Ware wuri, ko da kusurwar falo ce ko zaure. Kada dai ya zama gado.

4. Tsara aiki bisa wuta da data. Ka san sa'o'in da ake kawo wuta a unguwarku, to a nan za ka yi caji, ka sauke manyan takardu, ka tura masu nauyi. Google Docs yana barin mutum ya ci gaba da rubutu babu intanet idan an saita shi tun farko, ya haɗe daga baya. A taron Zoom ko Google Meet, hoto ne ke lashe data. Gaisa da kyamara a buɗe, sannan ka nemi izini ka rufe ta. Taron Zoom na kyauta yana yankewa ne a minti 40, kuma a ganina yawancin tarurruka ba su cancanci fiye da haka ba.

5. A yi adalci ga matar da ke aiki daga gida. Nan ne na fi ganin ana tauye mutane. Namiji in ya shiga ɗaki da kwamfuta, sai a ce wa yara su yi shiru, Baba yana aiki. Mace kuwa tana tsakiyar taro za a leƙo a tambaye ta ina gishiri, ko baƙuwa ta yi sallama ta shimfiɗa hira, tunda ai "tana gida". Taura biyu ba ta taunuwa. Wadda ke girki tana amsa wa shugabanta, ko tuwon ya yi gudaji ko aikin ya samu tangarɗa, kuma ita za a zarga a duka biyun. Maigida ya zauna da ita su raba hidima: wa zai ɗauko yara daga makaranta, wa zai kai su Islamiyya, wace rana za a dafa miyar da za ta kai kwana biyu. 'Yan uwa da maƙwabta kuma a sanar da su cikin ladabi cewa ziyara sai bayan La'asar. Wannan ba yanke zumunci ba ne. Albashin nan da take nema gidan ne ke cin moriyarsa.

6. Ba kowane saƙon dare ne ake amsawa da dare ba. Tun Janairun 2017 dokar Faransa ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 zuwa sama su tattauna da ma'aikatansu kan 'yancin kashe waya bayan an tashi. Ko babu irin wannan doka a inda kake, kana iya cimma yarjejeniya da oganka: abin gaggawa a kira, abin da zai iya kwana a rubuta. Idan kai ne ogan, Gmail yana ba ka damar rubuta wasiƙa yanzu ka saita ta tafi ƙarfe 8 na safe. Na ƙasa da kai ba zai iya ganin saƙonka ya yi barci ba.

7. Kwamfutar aiki ba ta kallon katun ba ce. Sanya mata lambar sirri. Takardun ofis amana ne, kuma yatsan yaro ɗaya ya isa ya goge aikin mako guda ko ya tura hoton gida cikin rukunin ma'aikata.

8. Ka riƙa fita. Mai zuwa ofis yana tafiya, yana gaisawa da mutane ba tare da ya shirya ba, amma mai aiki a gida yana iya wuni bai ga rana ba. Maza su taka zuwa masallaci, su zauna a majalisa. Mata su leƙa maƙwabta ko su je kasuwa da ƙafa. A lokacin cin abincin dare kuma a bar wayoyin duka a ɗaki kan caji, har da ta maigida.