Farfesa Abdullahi Smith da Aikin Adana Tsofaffin Littattafai

Sau da yawa idan aka tambayi ɗalibanmu abin da suke so su zama, amsar ba ta wuce likita, lauya ko injiniya. Da wuya a ji wanda ya ce masanin tarihi ko ma'aikacin laburare. Shi ya sa a bana muka ga ya dace mu yi nazarin rayuwar wani malami da ya yi wannan aiki a nan Zariya, a jami'ar da harabarta ta Kongo ke maƙwabtaka da mu a Gyallesu.

Wane ne shi?

An haifi H. F. C. Smith a Ingila a shekarar 1920. Ya koyar a Sudan, sannan ya zo Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1955. A zamanin nan akwai manyan masana a Turai da ke cewa Afirka ba ta da tarihin da ya cancanci a koyar, wai don ba ta da rubutu. Smith bai yarda ba. A 1961 ya buga wata maƙala yana jan hankalin masana cewa sun yi sakaci da tarihin jihadin ƙarni na 19, alhali ga littattafan da mutanen wancan zamani suka rubuta da hannunsu jibge a gidajen malamai.

Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shi ne ya kafa Sashen Tarihi. Daga baya ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullahi, ya kuma zama ɗan Nijeriya. A 1970 ya jagoranci mayar da gidan marigayi Sardauna da ke Kaduna cibiyar binciken tarihi, wadda muka sani da Arewa House. Ya rasu a 1984.

Yadda ake aikin

Babban abin da ya bari a Zariya shi ne Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda ya soma aiki a 1964. Ma'aikatansa kan bi gari-gari, su yi sallama a zauren malami, su nemi izinin duba abin da ya gada daga kakanni. Ba kowa ke yarda nan take ba, domin ana kallon littafin gado tamkar gonar gado. Saboda haka sai a ɗauki hoton kowane shafi a ɗan siririn fim, asalin kuwa ya zauna wurin mai shi. Mai littafi bai yi asara ba, jami'a kuma ta samu.

Bayan tarawa sai tantancewa, kuma a nan wahalar take. Littattafan ƙasarmu na da ba a ɗinke suke ba. Warƙoƙi ne ake jerawa cikin tadarishi, a zura a gafaka. In suka watse, sai a bi kalmar da magwafi kan rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafi na gaba, har a mayar da kowace warƙa mazauninta. Sannan a duba ƙarshen littafin, inda magwafi kan ambaci sunansa, wani lokaci har da ranar da ya gama. In babu kwanan wata, sai a ɗaga takardar wajen haske. Yawancin takardun ƙarni na 19 daga Italiya 'yan kasuwa ke kawo su ta hamada, kuma da yawa suna da tambarin jinjirin wata guda uku a cikin jikinsu. Irin wannan tambari kan taimaka wajen kintata zamanin rubutun.

Haka nan idan aka sami kwafi biyu ko uku na littafi ɗaya, kamar Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ko Tazyinul Waraƙati na Abdullahi ɗan Fodiyo, dole a gwada su layi-layi, don magwafi ɗan Adam ne, yakan tsallake kalma ko ya ƙara.

Da irin wannan tsanaki Smith ya sake duba labarin Bayajida. Bai ce a jefar da shi ba, amma ya nuna cewa sarautun Hausa ba dare ɗaya suka tsiro daga zuwan wani baƙo ba. A hankali suka ginu, daga ƙauye zuwa gari, daga gari zuwa birni. Ya kuma yi rubutu a kan Zazzau a zamanin sarakunan Haɓe. Ɗalibansa, irin su Dakta Yusufu Bala Usman wanda ya rubuta tarihin Katsina, sun ɗora daga inda ya tsaya.

Darasi gare mu

Na farko, bincike kafin magana. Mu tuna yadda Luka ya buɗe Bishararsa da sanar da Tiyofilus cewa sai da ya bi diddigin kome daga farko kafin ya rubuta. Ji-ta-ji-ta ba tarihi ba ce.

Na biyu, ilimi ba shi da ƙabila. Addininmu da na Farfesa Smith ba ɗaya ba ne, amma abin da ya adana namu ne duka, Kirista da Musulmi. Wanda ya san tarihin maƙwabcinsa ba a saurin zuga shi.

Na uku, mu ma muna da abin adanawa. Dakta Walter Miller ya zauna a birnin Zariya tun 1905, mishan ta koma Wusasa a wajajen 1929, an buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. Ina rajistar baftisma da ta aure ta waɗannan shekaru? Ina wasiƙun masu bishara na farko da littattafan waƙoƙinsu? Gara, ɓera da danshin damina ba sa hutu. Iyayenmu kuma ba su manta da Maris ɗin 1987 ba, lokacin da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya iso Zariya aka ƙone majami'u da dama. Duk takardar da wuta ta ci, in ba ta da kwafi, ta tafi ke nan har abada.

Don haka muna roƙon kowane ɗalibi, in an tafi hutu, ya zauna da kakansa ko wani dattijon ikilisiya, ya rubuta abin da ya ji, da sunan mai ba da labarin da kwanan wata. In an nuna masa tsohuwar takarda, kada ya liƙa mata salatif, kada ya raba ta da mai ita. Ya nemi izini ya ɗauki hotonta, ya kawo laburaren makaranta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyin nazari

1. Me ya sa ake barin asalin littafi wurin mai shi?
2. Kawo hanyoyi biyu na gane zamanin tsohon rubutu.
3. Wace takarda ce mafi tsufa a gidanku, kuma a ina take ajiye?