Hajiya tana shan warfarin, dasashinta yana jini

Tambaya: Likita, an gano zuciyar mahaifiyata ba ta bugawa daidai, aka ɗora ta a kan maganin tsinka jini mai suna warfarin. Kwanakin nan dasashinta yana jini idan ta yi asuwaki, ga kuma baƙaƙen tabo a hannunta. Ƙannena sun ce a daina ba ta. Mene ne abin yi? Daga wani mai karatu a Ɗan Iya, Bauchi.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kada ku tsayar da maganin da kanku, kada kuma ku zuba ido. A mayar da ita wurin likitanta yau ko gobe a yi mata awon jinin da ake kira INR.

Idan zuciya tana karkarwa maimakon cikakken bugu, jini yakan kwanta a wani lungu nata ya daskare. Ranar da gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Wannan ake gudar wa Hajiya. Hanta tana amfani da bitamin K wajen haɗa sinadarai huɗu masu sa jini ya daskare, warfarin kuwa yana hana bitamin ɗin sabunta kansa. Shi ya sa yake ɗaukar kamar kwana biyar kafin ya kama jiki sosai, kuma ko an daina shi sai ya yi kwanaki yana aiki. Asalinsa ma abin tsoro ne. Shanu ne suka riƙa mutuwa da zubar jini a Amurka da Kanada bayan cin ruɓaɓɓen harawa, har Karl Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke jawo hakan. A 1948 aka fara sayar da warfarin a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince mutane su sha. Tsakanin magani da guba a nan, awo ne kawai.

Mai lafiya INR ɗinsa yana wajen 1. Yawancin masu shan warfarin ana so nasu ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ƙasa da haka gudan jini na iya dawowa, sama da haka jini ya ɓalle.

Abin da na fi zargi a irin labarin nan shi ne wani maganin da aka ƙara a gida. Ka binciki jakar Hajiya da ƙarƙashin matashinta. An sayo mata Flagyl ko Septrin a kemis saboda gudawa ko ciwon mara? Duka biyun suna ƙara wa warfarin ƙarfi matuƙa. Tana shan ibuprofen ko diclofenac don ciwon gwiwa? Waɗannan suna cin bangon ciki, kuma suna hana ƙwayoyin jini manne wa juna. Garin Alabukun da mutane ke kaɗawa a ruwa kamar ba magani ba, asfirin ne da sinadarin kafeyin a cikinsa. Ga mai ciwon jiki, parasitamol ya fi sauƙi, shi ma ba kullum ba. Maganin tarin fuka kuma, rifampicin, akasin haka yake yi: yana sa hanta ta cinye warfarin har ya zama kamar ba a sha ba. Jiƙo da sassaƙen da 'yan dubiya ke kawowa da kyakkyawar niyya, babu mai iya faɗa maka abin da ke ciki, saboda haka a ajiye su.

Batun ganye kuwa, an cika tsananta wa marasa lafiya. Zogale, alayyahu, kabeji da sauran ganye suna da bitamin K, gaskiya ne, amma ban yarda a raba tsohuwa da miyarta ba. Abin da ake so shi ne ta ci yadda ta saba. Matsalar tana zuwa ne idan ta yi wata ba ta taɓa ganye ba, sannan damina ta faɗi, zogale ya yi araha a kasuwar Wunti, aka shiga kwaɗo safe da yamma. Haka azumi, yakan sauya cin mutum gaba ɗaya, don haka a yi awo kafin Ramadan da kuma cikinsa, a tsayar da lokaci guda na shan maganin bayan buɗa baki. Idan ta manta har gari ya waye, kada ta ninka. A riƙa karanta miligiram ɗin da ke jikin kwali, domin launin ƙwayar yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Wanzami kada ya taɓa ta. Babu ƙaho, babu tsaga, babu sakiya. Mai cire haƙori ma sai an gaya masa tun kafin ta zauna.

Za ka ji ana maganar sababbin magunguna irin su rivaroxaban da apixaban, waɗanda ba sa buƙatar awon INR. Suna da kyau, suna da tsada, kuma ba kowa suka dace da shi ba. Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe, warfarin ne nasa. Binciken INVICTUS na 2022 ya nuna cewa masu ciwon zuciyar da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na ƙuruciya sun fi tsira da warfarin a kan rivaroxaban. Matan gidanku masu haihuwa kuma su sani, warfarin yana lahanta ɗan tayi, musamman daga mako na 6 zuwa na 12, shi ya sa likita kan mayar da mai ciki kan allurar heparin. Mai shayarwa kuwa tana iya sha.

Akwai alamun da ba a jira wa gari ya waye: baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari ko amai, haɓon da ya wuce minti 10 ana matse da hanci, matsanancin ciwon kai, ko faɗuwar da kai ya bugu ko da ta ce ba komai. A wuce sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, a tafi da kwalin maganin da takardar awon ƙarshe. Warfarin yana da makari, wato bitamin K da ruwan jini.

Idan kuwa baki ya karkace ko hannu ya saki, kada a ba ta asfirin. Shanyewar jiki iri biyu ce, ta toshewa da ta fashewar jijiya, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne kaɗai ke rarrabe su. Allurar narkar da gudan jini, alteplase, cikin awa huɗu da rabi ake yin ta, don haka a riƙe lokacin da abin ya fara a faɗa wa likita.