Kafin a Kwance Batir, a Saurari Motar

A-kori-kura motar neman abinci ce, shi ya sa duk ranar da ta ƙi tashi hankalin mai ita yake tashi fiye da na mai ƙaramar mota. Cikin wannan gaggawa ake yin ɓarnar da muke gani kullum a gareji: a sayi sabon batir, bai yi ba a kwance kik, bai yi ba a koma kan famfon mai. Da yawan kayan da ake kawo mana a buhu wai sun mutu, idan muka gwada sai mu tarar lafiyarsu ƙalau. Ƙin tashi iri-iri ne, kuma kunne yana rarrabe su tun kafin a ɗauki sifana. Abin da motar ta yi a lokacin da aka murɗa makulli shi ne shaidar farko, kuma duk kayan da aka canja ba tare da wannan shaida ba, caca aka yi da kuɗin mai mota.

Idan aka murɗa makulli aka ji shiru, ko aka ji ƙas-ƙas injin bai juya ba, matsalar ta wuta ce, babu ruwan mai a ciki. Direba zai ce ai fitila tana kamawa, rediyo yana magana, don haka batir lafiya. Wannan ba hujja ba ce, domin abin da fitila ke ja kaɗan ne, kik ɗin injin gas kuwa ɗaruruwan amfiya yake nema a lokaci guda. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6 a kan mita, idan ya sauko 12.2 rabinsa ya tafi, idan kuma ya faɗi ƙasa da 10 ana cikin bugun kik, ya gaji. Amma kafin a yanke masa hukunci, a dubi kan batir ɗin. Wannan farin garin da ke taruwa a wurin, ko wayar da ke haɗe da jikin mota ta yi sako-sako, sun ishi lafiyayyen batir ya zama kamar matacce. A taɓa kawunan batir ɗin bayan an buga kik, wanda ya yi zafi shi ne bai kama ba. Wanda ba shi da mita ya kunna manyan fitilu ya murɗa makulli. Idan suka dushe, batir ne ko kansa. Idan ko gezau ba su yi ba, wutar ce ba ta isa kik, sai a bi fis da rile, a tabbatar mai canja giya da kanta tana kan P ko N. Batirin da ya sauka ma yana da dalili: injin na aiki, ya kamata mita ta nuna wajen 14, in ba haka ba altaneta ce, kuma sabon batir zai bi sawun tsohon.

Idan kuwa injin yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, an wanke batir da kik, a ƙyale su. A nan mai gas da mai fetur suke rabuwa. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi, zafin matse iska ne ke kunna man, shi ya sa asubar hunturu ke tona asirin hitar da ta mutu. A sa yaro ya tsaya bayan mota ya dubi salansa. Farin hayaƙi yana nufin mai na shiga amma ba ya ƙonewa, sai a auna hita. Babu hayaƙi sam, man ne ba ya zuwa. A danna ɗan famfon hannun da ke kan filta, idan ya yi laushi ba ya tauri, iska ta shiga layi. A kwance ƙasan filtar a tsiyaye a kwalba, gas ɗin jarka na bakin hanya ba ya rasa ruwa. Mai fetur kuma tartsatsi za a fara nema, sannan a kula da fitilar tsaron makulli, domin makullin da aka yanko a kasuwa yana juya injin amma kwamfutar mota ba ta sakin mai.

Wani zai ce duk wannan dogon lissafi ne, a tura ta kawai ta tashi. Turi yana fitar da mutum daga daji, yana kuma nuna cewa laifin yana ɓangaren batir ko kik, amma bai gyara komai ba. Watsa fetur a bakin iska na injin gas ya fi muni, yana iya fashewa kan hita mai zafi ya illata fistin. Haka sassauta bututun injekta don fitar da iska: a tsofaffin Hilux masu injin 3L da 5L an saba yi, amma a masu injin D-4D matsin man ya haura bar 1,000, yana huda fatar hannu. Masu cewa motar zamani sai na'urar bincike suna da gaskiya rabi. Na'urar tana faɗin layin da ya yi ƙorafi ne, ba ta rantse cewa sensa ta mutu ba, kuma raunin batir kaɗai yana cika ta da lambobin ƙarya. Ko da na'ura a hannu, daga kan batir ake farawa, kuma kada bugun kik ɗaya ya wuce daƙiƙa 15 ba a bar shi ya huce ba.