DARASI: Annoba da Yawan Jama'a a Wurno, Rabah da Goronyo

'Yan'uwa, yawan jama'ar kowace ƙasa ƙofofi uku ne da shi: mutuwa, haihuwa da ƙaura. Idan annoba ta game duniya, dukansu take taɓawa. A darasinmu na wannan wata za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da cutar korona ta bari a gabashin Jihar Sakkwato.

Ƙofa ta Farko: Mutuwa

Korona ba ita ce annoba ta farko da ta iso mana ba. A shekarar 1918 wata muguwar mura ta sauka Legas daga jiragen ruwa, ta bi hanyar jirgin ƙasa da ta fatake har Arewa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, da yawansu majiya ƙarfi ne. Gidan da ya rasa manominsa ya rasa abincin baɗi.

Korona kuwa, wadda aka fara ganinta a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, tsofaffi ta fi ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 ta jawo mutuwar mutum kusan miliyan 15. A Nijeriya, waɗanda aka rubuta sun ɗan haura 3,000. Yawancin jama'armu yara ne da matasa, wannan ya sassauta mana. Amma kada mu manta cewa a ƙauyukanmu mutum kan rasu da safe a rufe shi kafin azahar, ba gwaji, ba takarda. Wanda ba a rubuta ba, ba ya cikin lissafi.

Ƙofa ta Biyu: Haihuwa

A Amurka haihuwa ta ragu da kashi 4 cikin 100 a 2020. Namu halin dabam ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Sakkwato takan haifi 'ya'ya 7 a rayuwarta, amma kusan yaro 1 cikin 5 ba ya kai shekara 5. Saboda haka tambayarmu ita ce: cikin waɗanda aka haifa, nawa ne suka rayu?

A nan annoba ta yi ɓarna a ɓoye. Tsoron asibiti da hana zirga-zirga sun tsayar da awon ciki da allurar rigakafi a wurare da dama. A 2021 yara miliyan 25 a duniya ba su sami cikakkiyar allurarsu ba. Yaron da ƙyanda ta kashe don an tsallake allurarsa, ba za a sa shi cikin mamatan korona ba, alhali ita ce ta buɗe ƙofar.

Ƙofa ta Uku: Ƙaura

Mutumin wannan yanki ya san cin rani tun kaka da kakanni. Da aka hana tafiya tsakanin jihohi a 2020, wasu suka maƙale a Kudu ba aiki, wasu suka komo gida hannu wofi. Gwamnonin Arewa kuma suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Bakunan ci suka ƙaru a gida, kuɗin da ake aikowa ya ragu.

Sai dai gaskiya ɗaya ce: a nan, rashin tsaro ya fi korona tayar da mutane. Harin Tabanni a ƙasar Rabah a 2018 ya tara 'yan gudun hijira a Gandi. Na kasuwar Goronyo a Oktoba 2021 ya ci rai fiye da 40. Dubbai sun tsallaka zuwa yankin Maraɗi. Ƙauye ya watse, gari ya cika.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Ƙidayar 2006 ta ba Wurno mutum wajen 162,000, Rabah 149,000, Goronyo 182,000. Yaran da aka haifa a shekarar sun zama iyaye. Da tsohon lissafi irin wannan, yaya za a san adadin allurai, azuzuwa da rijiyoyin da ake bukata?

Rigakafi ya fi magani. Mu yi wa kowane jariri rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, mu cika masa katin allura. Katekis su kula da littattafan baftisma da na jana'iza, gama su ma shaida ne. Baƙon da gudun hijira ya kawo unguwarmu, Kirista ne ko Musulmi, mu tambaye shi ko 'ya'yansa sun sami allura.

Tambayoyi don Tattaunawa

1. Yara nawa ne a gidanku ba su da takardar haihuwa?
2. Wa ya bar unguwarku tun 2020, wa kuma ya shigo?
3. Wane mataki Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su ɗauka kafin ƙarshen wannan wata?