Yaron ofis zai iya zama lauya? Amsa ga samarin Malanville

Wata ranar kasuwa, wani saurayi ya tare mai wannan rubutu a bakin rumfunan albasa na Malanville, waya a hannunsa. Bayan gaisuwa ya ce, don Allah Malam ya duba masa wani bidiyo da aka turo masa a WhatsApp. Wata budurwa ce a Landan take ba da labarin yadda ta zama lauya tana aiki a ofis, ba ta yi zaman jami'a ba, kuma tun watan farko ake biyanta albashi.

Saurayin ya shekara huɗu yana yi wa 'yan kasuwa takardu. Ya iya rubuta yarjejeniyar hayar shago, ya san ƙofar da ake bi a duwan idan an tsare kaya, yana juya Faransanci zuwa Dendi da Hausa ba gargada. Yana so ya ji ko waɗannan shekaru za su kai shi ga baƙar rigar lauya.

Marubucin ya daɗe yana aikin shari'a tsakanin Kandi da Malanville, kuma ba wannan ne karo na farko da aka yi masa tambayar ba. Abin da ke cikin bidiyon gaskiya ne, sai dai tsarin Ingila ne.

Can aikin lauya kashi biyu ne. Akwai barista, wanda aka fi sani da tsayuwa gaban alƙalan manyan kotuna, akwai kuma solisita, wanda ke karɓar mai matsala a ofis, ya ba shi shawara, ya rubuta masa kwangila, ya shirya ƙara. A 2016 aka buɗe wa masu son zama solisita hanyar koyon sana'a. Wanda ya gama sakandare zai nemi ofishin lauyoyi ya ɗauke shi, ya yi shekara 6 yana aiki, kwana ɗaya a mako kuma na karatu ne. Ba ya biyan kuɗin makaranta. Tun watan Afrilun 2017 manyan kamfanoni ke zuba kashi 0.5 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a wani asusun horo, daga nan ake ɗaukar nauyin karatun. A ƙasar da kuɗin jami'a ya haura fam 9,000 a shekara, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga ɗan talaka.

Abin da bidiyon bai tsaya a kansa ba shi ne jarrabawa. Tun 2021 hukumar da ke kula da solisitoci, SRA, ta sa jarrabawa guda mai suna SQE, wadda ɗan jami'a da ɗan koyo duk suke zaunawa. Kashin farko tambayoyi 360 ne, na biyu kuma gwaji 16 ne na aiki a aikace: tattaunawa da mai ƙara, rubuta takarda, kare hujja da baki. Yawancin 'yan koyon ma suna fita da digiri a hannu, domin karatun nan na kwana ɗaya jami'a ce ke koyar da shi. Sannan gurbin na wanda yake da izinin zama da aiki a ƙasar ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo wa yaro wannan gurbi daga Malanville, a riƙe aljihu.

A nan gida doka ta sha bamban. Benin da Nijar suna cikin ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA, kuma a watan Satumban 2014 ƙungiyar ta fitar da ƙa'ida ɗaya ga lauyoyinta. Sai mutum ya kawo babban digiri na shari'a, wato masta ko maîtrise ta tsohon tsari, ya ci jarrabawar shiga aikin da ake kira CAPA, sannan ya yi shekara 3 yana koyon aiki ƙarƙashin wani lauya. Ashe koyo a hannun maigida yana nan, amma bayan jami'a yake zuwa. Najeriya ma haka: digiri, sannan Makarantar Lauyoyi, wadda aka kafa da dokar 1962. Shekara ashirin na ɗaukar jakar lauya ba za ta maye gurbin takardar ba.

Abin da ke damun marubucin shi ne, wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Alƙalan Kano da Sakkwato na da a zaure suka karanta littattafan Risala da Muhtasar, suka zauna gefen alƙali suna rubuta masa shari'a har aka ga sun ƙware. Sai a 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano. A Legas ma dokar kotu ta 1876 ta yarda a karɓi wanda ya yi shekara 5 a ofishin lauya idan ya ci jarrabawa. Benin kuwa ta riga ta san darajar ɗan koyo: tela da makanike da mai gyaran gashi suna karɓar takardar CQP ko CQM daga hukuma bayan sun gama a hannun maigidansu. Aikin shari'a ne aka bari ba tsani.

Kuma rashin tsanin yana da tsada a gari irin wannan. Yawancin lauyoyin ƙasar suna Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700. Kotun ɗaukaka ƙara tana Parakou. Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, rigingimun kaya suka ƙaru: mota ta kwana watanni a layi, kaya sun lalace, an tsallaka da wasu a kwalekwale ba rasit, mai bashi yana wancan ƙetare. Wa Alhaji zai nufa? Wanda ke kusa, mai jaka da Faransanci. Marubucin ya karɓi wani dattijo da ya ba irin wannan mutum kuɗi da takardunsa na asali, yana kiransa Maître da zuciya ɗaya. Da dattijon ya zo, wa'adin ɗaukaka ƙara ya riga ya wuce, kuma sunan mutumin ba ya cikin jerin lauyoyi. Dattijon ya rasa shari'ar da yake da gaskiya a cikinta.

Don haka 'yan kasuwa su sani, ƙungiyar lauyoyi ta Benin tana da jerin sunayen 'ya'yanta, kuma kowane lauya yana da katin aiki. Neman ganin katin ba rashin kunya ba ne. A karɓi rasit, a ba da kwafin takarda a riƙe ta asali. Lauyan da ke da rajista a wata ƙasar UEMOA yana da damar tsaya wa mutum a kotun wata, saboda haka mai shari'a a Gaya ko Dosso ba ya buƙatar ɗan tsakiya.

Shi kuwa saurayin, abin da aka gaya masa ke nan. Kada ya raina abin da ya koya, domin ɗalibai da yawa suna gama jami'a ba su taɓa ganin sammaci da idonsu ba. Amma kada ya yarda a kira shi lauya, laifi ne da ke kai mutum gaban kotu. Idan yana da BAC, takardar gama sakandare, Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, tana da sashen shari'a. Idan babu, ya zauna jarrabawar a matsayin ɗalibi mai zaman kansa, ya kuma tambayi sashen game da capacité en droit, ƙofar da tsarin Faransa ya buɗe tun 1804 don wanda bai da BAC. Ya riƙa karɓar takardar shaida daga duk ofishin da ya yi wa aiki, da kwanan wata da hatimi.

Ga ƙungiyar lauyoyi da ma'aikatar shari'a kuma, roƙon marubucin shi ne su duba abin da Ingila ta yi: jarrabawa ɗaya mai tsauri, hanyoyin isa gare ta fiye da ɗaya. A fara da karatun maraice ko na nesa ga ma'aikatan ofisoshin shari'a na yankinmu na Alibori, a kuma lissafa musu shekarun da suka yi suna aiki. Iyaye da iyayen gida, ku ba yaran nan lokacin karatu ko da kwana ɗaya ne a mako.