Yaron Da Ya Riga Kowa Ajiye Biro

'Ya'yana malamai, musamman ku da aka miƙa wa takardar kama aiki kwanan nan aka tura ku firamare, ku ba ni aron kunnuwanku. A kwalejin ilimi an yi muku bayanin yaron da karatu ke ba wuya, an nuna muku yadda za ku jawo shi, kuma hakan ya yi kyau. Amma akwai wani yaron da ba a cika tsayawa a kansa ba. Shi ne wanda kafin ku gama rubuta lissafi na biyar a allo ya riga ya gama na huɗu, sai ya zauna ya zuba tagumi yana jiran yara saba'in har a kaɗa ƙararrawa. Gobe ma haka, jibi ma haka, har ya gama aji shida.

Hukuma ta san da irinsa. A 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta kafa musu hukuma ta kansu, tana tace ɗalibai da jarrabawa daga makarantun jihar, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura. Likitoci da injiniyoyi da yawa da kuke gani yau a Kano da Jigawa daga can suka fito, wasunsu kuwa 'ya'yan manoma ne. A 1990 gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar yara masu baiwa a Suleja, wadda hukumar NECO ke shirya jarrabawar shigarta. Jigawa ma ta gina tata a Bamaina zamanin Gwamna Sule Lamiɗo. Duk abin a yaba ne. Sai dai ƙofar shiga kowacce ɗaya ce, wato jarrabawa, ita kuwa jarrabawa wanda ya zauna a gabanta kaɗai take gani. Wa ya ji sanarwar? Wa ya sayi fom? Wa ya biya kuɗin mota zuwa cibiya? Yaron da ke Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa, aka ajiye masa tambayoyi da Turanci, me aka auna, kansa ko Turancinsa?

Ko waɗanda suka ƙirƙiro awon basira sun sha tuntuɓe a nan. A 1921 wani masani a Amurka, Lewis Terman, ya tace yara kusan 1,500 a Kalifoniya waɗanda awonsa ya ce su ne ƙoli, aka yi ta bin rayuwarsu har tsufa. Da yawansu sun yi abin kirki, amma babu wanda ya ci kyautar Nobel. Cikin yaran da aka gwada aka ce ba su kai ba kuwa, biyu sun ci ta a fannin fiziks: William Shockley a 1956, Luis Alvarez a 1968.

Kada ku ce to idon malami ya fi jarrabawa, domin shi ma yana da nasa son rai. A gundumar Broward ta Jihar Fulorida, da can malamai da iyaye ne ke miƙa sunan yaron da za a gwada. A 2005 aka sauya tsari, aka gwada kowane yaro ɗan aji biyu da gwajin siffofi da zane wanda bai dogara da iya harshe ba. Nan da nan adadin 'ya'yan talakawa da baƙar fata da masu jin Sifaniyanci da aka gano ya yi sama sosai. Yaran nan suna zaune a ajin tun fil azal, malamansu ne ba su miƙa sunansu ba. Da kuɗi suka yi ƙaranci aka dakatar da tsarin, adadin ya sake faɗuwa. Mu ma nan haka idonmu yake. Yana saurin sauka a kan yaro mai wankakken yunifom, mai kyan rubutu, mai ɗaga hannu da ladabi, ɗan ma'aikaci wanda ya zo da 'yan kalmomin Turanci daga gida. Ladabi abu ne mai kyau, amma ladabi daban, kaifin basira daban.

Sau da yawa mai baiwar shi ne wanda ya ishe ku. Rubutunsa cakuɗe, littafinsa a yage, ga surutu, ga tambayar da ba ta cikin manhaja. Kuna koyar da raba lamba ya ce, "Malam, in aka raba da sifiri fa?" Ko ya kawo amsa daidai ta hanyar da ba ku koyar ba, ku ce ya saci amsa. Kafin ku ɗaga bulala, ku ce ya zo allo ya nuna yadda ya yi. Ku kuma lura da yarinyar nan ta bencin baya wadda ba ta cewa uffan, tana zuwa a makare don sai ta kai tallan ƙosai tasha. Ku tsaya kusa da farantinta wata safiya. Mutum uku sun miƙo kuɗi lokaci guda, wannan na ɗari da hamsin, wancan na ɗari uku, na ukun yana da bashin jiya. Ta ba kowa canjinsa ba ta ko dubi yatsunta ba. A rajistarku kuwa ita ce ta arba'in da biyu.

Abin da zan ba ku shawara mai sauƙi ne, ba ya bukatar kwamfuta. Sau ɗaya a mako ku jefa wa ajin gaba ɗaya tambayar da ba a taɓa koyarwa ba, ku faɗe ta da Hausa don kada harshe ya tare kowa, ku ce duk wanda ya ga hanya ya gwada, babu duka ga wanda ya kuskure. Ku ajiye ɗan littafi a aljihu kuna rubuta wanda ya yi abin da ya ba ku mamaki, da ranar, da abin da ya yi. Zango ɗaya ya isa ku ga sunaye biyu ko uku suna ta dawowa, kuma zai yi wuya su zama su ne na ɗaya da na biyu da na uku a jarrabawar ƙarshen zango.

To kun gano shi, sai me? Nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Wani malamin sai ya naɗa shi monita, ya ba shi takarda ya riƙa rubuta sunan masu surutu, ya raba shi da abokansa ke nan. Wani ya mai da shi ƙaramin malami, kullum yana maimaita wa wasu abin da ya sani tun bara. Jefi-jefi ba laifi, amma shi ma karatu ya zo. Wani kuma in yaro ya gama lissafi goma sai ya ƙara masa ashirin irinsu. Yaro ba wawa ba ne, mako biyu zai gane cewa ladan sauri shi ne ƙarin wahala, sai ya koyi jan ƙafa. Ku ba shi tambaya ɗaya mai tsauri wadda za ta sa shi ya ciji biro. Ku ara masa littafin aji na gaba. In mai son karatu ne ku samo masa Magana Jari Ce ko Ruwan Bagaja, in ya gama ku ce ya rubuto nasa labarin.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A makarantar allo babu wanda ke jiran wani: wanda ya iya allonsa ya biya wa malam, ya wanke, a yi masa ƙari, ko da sa'ansa na nan a inda yake. Shi ya sa ake samun yaro ƙarami ya sauke ya bar manya. Boko ce ta ɗaure yara da shekara, kowa ya taka tare. Saboda haka in kun ga yaro ya yi wa ajinsa nisa a kusan komai, ku kai maganar tsallaken aji ga hedimasta, a zauna da iyaye. A dubi hankalinsa da yadda yake zama da waɗanda suka girme shi, kuma in fanni ɗaya kawai ya fi ƙarfi, ya riƙa shiga aji na gaba a wannan darasin ya dawo.

Ku kuma kiyayi bakinku wajen yabo. Iyayenmu na tsoron kambun baka, ba sa son a yi ta zuzuta yaro a bainar jama'a, kuma ko ta wata fuskar suna da hujja. A 1998 wasu masu bincike, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada 'yan aji biyar: waɗanda aka yaba wa da cewa suna da ƙwaƙwalwa sun koma zaɓen aiki mai sauƙi don kada sunan ya zube, da suka gamu da mai wuya kuma suka karaya, waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu sun fi jurewa. Ku ce, "Hanyar nan da ka bi ta burge ni," ku bar "kai gwani ne." Ku bar shi ya faɗi wani lokaci, ya ɗanɗani rashin sani tun yana hannunku, kada ya fara gamuwa da shi a jami'a inda babu mai lallashi.

Saura fom ɗin shiga makarantun masu baiwa. Kada ku jira sanarwa ta iso ƙauye, sau da yawa sai an rufe take isowa. Ku riƙa tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma tun farkon shekara, ku tabbatar yaron na da takardar haihuwa da hoto. Sannan ku je gidansu da kanku bayan la'asar, ku gaida mahaifin a zaure, ku buɗe masa ɗan littafin nan na aljihu ya ga abin da ɗansa ya yi da ranar da ya yi shi. In yarinya ce, ku tafi da malama mace ta shiga wajen uwar, domin ita za ta rasa kuɗin talla, kuma tambayarta ta farko ita ce wa zai kula mata da 'ya a makarantar kwana. Ku tanadi amsar tun kafin ku yi sallama.